Juzu'i na Goma Sha Tara

Hajja Mairo ta rasu ranar Talata da hantsi, a kan gadonta na igiya a ƙarƙashin rumfar tsakar gida, bayan ta sha shayi ta kuma yi wa jikokinta faɗa a kan ƙyauren da suka bari a buɗe awaki suka shiga. Mutuwa ce mai sauƙi, irin wadda tsofaffi ke roƙo. Kafin la'asar an kai ta makwancinta, an kafa tantin zaman makoki a ƙofar gida. Mutanen Hillat Alhasan da na ƙauyukan da ke bin bakin tur'a, babbar magudanar ruwan da ke shayar da gonakin auduga har zuwa Hasahisa suka yi ta zuwa, a ɗaga hannu a yi fatiha a nemi wuri a zauna.

Ɗanta Abdussalami ne ke karɓar gaisuwa a bakin tanti. Shekarunsa arba'in da bakwai, goma sha ɗaya daga ciki a cikin duhu ya yi su. Da can masaƙi ne a masana'antar yadi ta Hasahisa, sai masana'antar ta rufe, bayan 'yan shekaru kuma idanunsa suka bi bayanta da wani ciwo da likita ya kira baƙin ruwa. Yana gane masu ta'aziyya da murya, wanda bai yi magana ba kuma ya gane shi da tafin hannu. Kwana biyu yana cewa “Allah shi ba da lada,” bai zubar da hawaye ko ɗigo ba, har mata suka fara cewa a cikin gida Abdu akwai dauriya. Ba dauriya ba ce. Hankalinsa ne ya tafi ga safiyar kwana na uku.

A Hillat Alhasan ba a naɗe tabarmar makoki sai an yi wa mamaci sauka. Akwai wani koren akwatin katako a masallaci, cikinsa juzu'i talatin, kowanne ɗan littafi ne mai zaman kansa. Malam Sambo ne ke riƙe da shi shekara ashirin da biyu, ya gaje shi daga mahaifinsa. Ranar uku da safe zai kawo akwatin tanti, ya miƙa wa kowane mai karatu juzu'i ɗaya, idan mutane ba su kai talatin ba masu sauri su ɗauki bibbiyu. Sai kowa ya sunkuya a kan nasa, a fara gaba ɗaya, tanti ya cika da guna-guni, babu mai jin na wani. In an gama a yi addu'a, a ba mamaci ladan, a ci abinci a watse.

Abdussalami ba hafizi ba ne, kuma lokacin da yake da ido bai wahalar da idon a kan karatu ba, Allah na gani. Yakan karɓi juzu'insa ya zazzage shi a guje don ya riga shayi hucewa. Sai da mahaifinsa ya rasu, wata huɗu bayan ganinsa ya tafi, ya san abin da ya rasa. Ranar saukar yana zaune ya ji takun Malam Sambo yana rabo, ya ji an ba na damansa, ya ji takun ya ɗan tsaya a gabansa, sannan ya wuce zuwa na hagunsa. Babu wanda ya yi masa laifi. Amma ya zauna hannu wofi a saukar ubansa, baƙi suna karanta wa mutumin da ya haife shi, abin nan bai taɓa barin ƙirjinsa ba.

Shi ya sa da ƙungiyar makafi ta Madani ta buɗe ajin birel, rubutun makafi na ɗige-ɗige da ake karantawa da yatsa, ya riƙa shiga mota duk Asabar. Shekara uku ya yi yana fama, yatsun masaƙi kuwa ba su ba shi kunya ba, don sun saba gane zare mai kulli a cikin dubu. A bana wasu masu alheri suka ba ƙungiyar tabilet biyu da wani abu da ake haɗa musu, dogo siriri kamar murfin akwatin ɗinki, a bayansa jerin ƙananan ƙusoshi masu laushin kai, suna tasowa suna komawa. A cikin tabilet akwai fayil talatin na birel, kowane juzu'i da nasa. In ya buɗe fayil, layi ɗaya zai taso a ƙarƙashin yatsunsa, ya karanta, ya danna maɓalli, ƙusoshin su kwanta wasu su taso. Ana ba kowane ɗan aji aronsa wata uku. Nasa watannin suka faɗo a daidai ƙarshen rayuwar Hajja Mairo. Ta taɓa shafa ƙusoshin da kanta, ta ce suna yi mata cakulkuli, sannan ta ce, “To ran tawa saukar, kai ma ka ɗauki juzu'i guda. Kada ka zamna awa baƙo.” Ta faɗa ne tana tsince wake, ba ta sake tayar da zancen ba.

Ranar Laraba bayan la'asar, da mutane suka ɗan ragu, Abdussalami ya sa aka kai shi inda Malam Sambo ke zaune. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, “Baba Malam, gobe in Allah ya kai mu ina son a ba ni juzu'i.”

Malam Sambo dattijo ne mai taushin hali, amma in zance ya zo kan akwatin nan ba ya wasa. Ya ce, “Abdu, da wanga jihaz naka, na'urar nan?”

“Da shi, Baba.”

“Na ji ana hwaɗin magana shi kai. In shi ka karatu kai kana saurare, wannan ai rediyo na. Rediyo ba ya ɗaukar juzu'i.”

Abdussalami ya yi masa bayani cewa muryar tana nuna masa hanya ce kawai har ya kai ga fayil, daga nan sai ya kashe ta, saura aikin yatsa. Da maganar ta tsaya a nan da an gama lafiya. Amma Hamid na kusa, mijin ƙanwarsa Raliya, direban tarakta, mutumin da ya yi imani babu na'urar da ta fi ƙarfin saninsa tun daga injin ban ruwa har agogon hannu. Ya ce a kawo a gani, ai abin mai sauƙi ne. Aka shiga gida aka ɗauko. Abdussalami ya buɗe fayil na farko, Hamid ya karɓi tabilet ya kawo fuska kusa da gilashin. Ya daɗe yana dubawa.

“Ya akhi,” in ji shi, “wanga ba karatu ba na. Ko harafin Larabci guda babu. Baƙaƙen Turawa na, da lambobi, da alamar tambaya, duk a cakuɗe. Malaf ɗin, wato fayil ɗin nan, ya lalace, ko kuwa sun yaudare ku.”

Gaskiya Hamid ya faɗa a kan abin da ya gani. Fayil ɗin birel ba don ido aka yi shi ba, in mai ido ya buɗe shi tarkacen haruffa zai gani marasa kai da gindi, sai ya bi ta cikin ƙusoshin nan yake zama magana. Malamar ajinsu ta taɓa gaya musu haka suna dariya. Yanzu kuwa babu abin dariya, don Hamid ya riga ya miƙa wa Malam Sambo tabilet, Malam ya gyara tabarau ya duba, ya mayar da shi da hannu biyu kamar yana gudun ya ɗauki alhaki. Wani dattijo kuma ya ƙara gishiri, ya ce shi ya taɓa wucewa ya ga yatsan Abdu yana tafiya daga hagu zuwa dama, karatun Musulmi kuwa daga dama ake faro shi.

“Ɗana,” in ji Malam Sambo, “ba ƙin ka nikai ba. In juzu'i guda bai karantu ba, sauka ba ta cika ba. Uwarka ta za a tauye, ba ni ba. Ka yi haƙuri, ka zamna ka yi mata addu'a, addu'ar ɗa ba ta da shamaki.”

Abdussalami ya ji zafin maganar ne don babu mugunta a cikinta. Da da mugunta, da ya san yadda zai yi faɗa. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Baba, gobe kahin a raba, ka buɗe duk inda kaka so, ka riƙe takarda, ni in karanta. In na saɓa, na haƙura har abada.” Malam ya ce wannan adalci ne, aka tashi a kan haka.

Ranar Alhamis hantsi bai gama ɗagawa ba tanti ya cika. Labari ya zaga, har waɗanda ba su iya karatu ba sun matso gaba. Ta bayan dangar kara ana jin ƙarar tukwane da ƙamshin miyar kuɓewa, ana kuma jin matan sun rage surutu, Raliya ce ta tsawata musu. Abdussalami ya yi alwala, ya zauna a tabarma, ya ɗora abin ƙusoshin a cinyarsa. Ya cire abin kunne ya miƙa wa Hamid, ya ce ya riƙe masa, don kada a ce an raɗa masa.

Malam Sambo ya buɗe akwati ya zura hannu bai duba ba, ya zaro guda. Na goma sha tara ne. Ya ɗora shi a tafin hannu ya bar shi ya buɗe da kansa, ya faɗi sura da lambar ayar da ke saman shafin dama. Abdussalami ya bi muryar tabilet har ya kai fayil na goma sha tara, ya kashe ta kowa na ji, sannan ya shiga danna maɓalli yana gangarawa. Neman wurin ya ɗauki lokaci. Wani ya yi tari, wani ya ce a yi masa uzuri. Can yatsansa ya faɗa a kan lambar, ya yi bisimilla ya fara.

Karatunsa ba mai daɗi ba ne. A hankali yake tafiya, kalma bayan kalma, yana ɗan tsayawa a ƙarshen kowane layi kafin sabo ya taso. Amma babu harafin da ya faɗi. Malam Sambo na bin sa da ɗan yatsa a kan takarda, tun yana ɗaure da fuska har ya fara gyaɗa kai. Suka kai ƙasan shafin dama tare. Malam ya ɗaga ido zuwa saman shafin hagu, Abdussalami ya danna maɓalli ya ci gaba.

“Tsaya,” in ji Malam.

Ya tsaya.

“Koma baya. Maimaita.”

Ya koma ya maimaita ayar ƙarshe, ya shiga ta gaba da ita.

“Ba ita ba ta. Abin da kaka karantawa ba shi nan.” Muryar Malam babu murna a cikinta, tausayi ne zalla. “Jihaz ɗin ya kai ka wani wuri, ɗana.”

Hamid ya ja numfashi ta hanci, irin na wanda ya faɗa tun jiya. Abdussalami ya mayar da yatsansa baya. Ya sake shafa layin, ƙusoshin suna nan yadda suke, lambar ayar tana bin ta baya daidai. To amma wa ya sani? Shi bai haddace wurin ba. Wataƙila Hamid ne da gaskiya, wataƙila shekara uku ya yi yana shafa ɓarna yana kiranta karatu. Kunya ta rufe shi, ya ji da ma bai buɗe baki jiya ba. Ya kai hannu zai kashe abin, sai ya fasa.

“Baba, ba ni juzu'in in taɓa.”

Malam bai ga amfanin takarda a hannun makaho ba, amma ya miƙa masa a buɗe yadda yake. Abdussalami ya bi tsakiyar littafin da ɗan yatsa daga sama zuwa ƙasa. Ƙarafunan ɗinki biyu suna nan, sun yi tsatsa, bakinsu a ɗage. A ƙarƙashin na ƙasan ya ji wani ɗan guntun takarda bai kai ƙwayar dawa ba, a maƙale. Ya koma farko ya ƙirga warƙoƙin ɗaya bayan ɗaya. Ya roƙi a ba shi wani juzu'in, aka ba shi na ashirin, ya ƙirga shi ma.

“Wanga warƙa goma gare shi,” in ji shi. “Na sha tara takwas. Biyu na tsakiya sun hita, Baba. Shahi huɗu.”

Malam Sambo ya karɓa ya kai kusa da tabarau. Lambobin shafi sun daɗe da gogewa saboda yatsun mutane, amma lambobin aya suna nan. Ya dubi ta ƙarshe a dama, ya dubi ta farko a hagu. Tsakaninsu aya kusan ɗari. Ya aika aka ɗauko babban mus'hafin liman daga masallaci, ya buɗe wurin, ya ce wa Abdussalami ya karanta. Ya karanta aya biyar, Malam na bi, sannan Malam ya rufe mus'hafin a hankali ya ɗora a cinya.

“Wa ka ɗaukar na sha tara?” ya tambaya.

Aka dubi juna. Can daga baya tsoho Ɗan'auta ya ɗaga hannu, manomin da ya haura saba'in, wanda ke karatu da haɗa baƙi ɗaya-ɗaya tun yana yaro bai kuma taɓa fashin sauka ba. “Ni na, Malam. Ni ka zaɓen shi. Na ga ya hi sauran sirantaka, in na ɗauke shi nikan gama tare da mutane.”

“Tun yaushe?”

“Wallahi an daɗe. Shekara bakwai, ko takwas.”

Wani saurayi ya fara dariya ya haɗiye ta, don ya ga fuskar Malam. Kowa a tantin nan yana da wanda aka yi wa sauka da akwatin nan a cikin shekara takwas, kuma kowa ya shiga lissafin nasa a zuci. Malam Sambo matarsa Hadizatu shekara huɗu ke nan da rasuwa, shi da hannunsa ya raba juzu'an ranar. Ɗan'auta ya fara rantsuwa yana neman gafara. Malam ya ce masa ya yi shiru, laifin na mai riƙon akwati ne da bai taɓa ƙirgawa ba, Allah kuma ya san niyyar kowa. Ya faɗi haka da ƙarfi don jama'a su ji, amma Abdussalami da ke kusa ya ji yadda numfashin dattijon ke fita da ƙyar.

Aka yi rabo. Malam ya bi layi yana miƙawa, da ya zo gaban Abdussalami ya tsaya ya ce, “Na sha tara naka na.” Bai ba shi takarda ba, ya dafa kansa ya wuce. Ɗan'auta aka ba shi na talatin mai gajerun surori.

Guna-guni ya tashi. Abdussalami ya koma farkon fayil ya fara, muryarsa ta nutse a cikin ta mutane, ya ji daɗin hakan fiye da yadda ya zata. Bayan rabin sa'a masu sauri suka fara rufe nasu. Aka ci gaba da raguwa, murya goma, murya biyar, sai shi da Ɗan'auta, sai shi kaɗai, bai ko kai rabi ba. Rana ta hau, inuwar tanti ta tsuke. Hamid ya leƙa cikin gida ya dawo ya ce abinci na hucewa, Raliya ta aiko ta bayan danga cewa ya huce ɗin, babu tiren da zai fito sai Yaya Abdu ya gama. Hamid ya dawo ya zauna, ya jawo tabilet daga inda rana ta fara taɓa shi ya kare shi da hularsa.

Da Abdussalami ya iso wurin da warƙoƙin suka fita, ya ji an zauna a gefensa, ƙamshin turaren Malam Sambo ne. “Ɗaga murya nan, ɗana,” in ji Malam a hankali. “Kada ka yi sauri.” Ya ɗaga. Shafi huɗun nan ya karanta su tanti na saurare, babu mai motsi, wasu na bin sa da leɓe. Ya ji wani dattijo na ambaton sunan ɗansa ƙasa-ƙasa, wani na ambaton uwarsa. Malam bai ambaci kowa ba, hannunsa dai na kan gwiwar Abdussalami har aka wuce wurin, sannan ya ɗauke.

Sauran ya tafi da shi a hankali. Kan yatsansa ya yi zafi, ya sauya zuwa na hagu, ya sake dawowa. Ana gab da kiran azahar ya karanta layi na ƙarshe, ya danna maɓalli don ya tabbata. Ƙusoshin duk suka kwanta, babu wanda ya taso. Ya shafa wurin sumul daga wannan gefe zuwa wancan.

Abin da ya fara zuwa masa shi ne ya tashi ya shiga gida ya gaya mata ya gama. Har ya dafa tabarma zai miƙe. Sai a lokacin mutuwar ta iso gare shi, kwana uku bayan ta iso ga kowa, ya koma ya zauna ya kifa fuska a tafin hannunsa ya yi kuka irin na yaro, kafaɗunsa na girgiza. Malam Sambo ya riga ya ɗaga hannu zai fara addu'a. Ya sauke su a kan cinya, jama'a ma suka sauke nasu, aka jira shi.